Sugan ruwan baya ya faɗa cikin "daidai", to mi ya sa likita ya ce sanƙarau ne?

Wani ɗan'uwa daga Ƙauran Namoda ya turo tambaya, ga ta a taƙaice. Mahaifinshi dattijo ne mai ciwon suga shekara da shekaru, zazzaɓi mai zafi ya kama shi da ciwon kai, wuya ya sanƙare har ya fara sambatu, anka kai shi asibiti anka ɗebi ruwan bayanshi. Takardar lab ta nuna sugan ruwan 3.6 mmol/L (ma'aunin da lab ke auna suga da shi kenan), a gefen takardar kuma an rubuta cewa daidai shi ne 2.5 zuwa 4.4, sugan jininshi a lokacin 18. Likita ya ce sugan ruwan ya yi ƙasa ƙwarai, sanƙarau ne. Shi kuma ya rasa gane yadda za a ce ƙasa alhali lambar tana cikin daidai, yana tambaya ko ɗiban ruwan ne ya rage sugan, kuma ko a riƙa ba Baba zuma da lemon kwalba don ya dawo.

Da farko Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ban ga Baba ba, takardar kawai na gani, don haka maganar likitan da ke tsaye kanshi ita ce gaba da tawa. Amma a kan lambobin nan da ka turo, malam, likitan ga ya yi gaskiya, kuma na ji daɗi da ya duba lambobin biyu tare bai tsaya ga abin da anka buga a gefen takarda ba, don nan ne wurin da ake yawan zamewa, har da ma'aikata.

Ruwan nan da muke ce ma ruwan baya ko ruwan laka, ba a baya ake yin shi ba. A cikin ƙwaƙwalwa ake yin shi, akwai wasu kogunna guda huɗu a can ciki da wani tarin ƙananan jijiyoyin jini da ke tace shi daga jini dare da rana. Yakan zagaye ƙwaƙwalwa ya sauko ta cikin ƙashin baya ya lulluɓe laka. Babban mutum yana da kamar mil 150 a jikinshi a kowane lokaci, amma a wuni ɗaya jiki yana yin kusan mil 500, ka ga kenan ruwan yana sabuntuwa sau uku zuwa huɗu kullum. Duk sugan da ke cikin ruwan nan daga jini ya fito, ba shi da wata hanya ta daban. Sai dai tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge da Allah ya yi, ba komai ke ƙetarawa ba, shi kanshi suga sai wani sunadari da ake kira GLUT1 ya ɗauke shi ya ƙetarar da shi. Kuma wanga sunadari ba ruwanshi da insulin. Tsoka da kitse sai da insulin suke karɓar suga yadda ya kamata, amma ƙwaƙwalwa ko akwai insulin ko babu tana karɓar nata, saboda ita ba ta da ajiyar kirki, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma tana cin wajen kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa in mutum na zaune, kusan giram 120 na suga a wuni.

To saboda ƙetarwar ba ta cika cif ba, ga kuma ƙwaƙwalwa da ke ta ci, sugan ruwan baya kullum yana ƙasa da na jini. A mai lafiya yakan zama kamar kashi 60 cikin 100, wasu su ce biyu bisa uku. Wanda sugan jininshi 5 ne, na ruwan zai zo wajen 3. Wanda nashi 6 ne, zai zo wajen 3.6. Ka ga inda wancan 2.5 zuwa 4.4 na gefen takarda ya samo asali, an yi lissafin ne da mutanen da sugan jininsu ke daidai. In na'urar ku ta gida mg/dL take nunawa, sai ka ninka 2.5 da 4.4 ɗin da 18, shi ne kamar 45 zuwa 80.

Yanzu ɗauki na Baba. Jini 18, ruwa 3.6. Raba 3.6 da 18, mi ka samu? 0.2. Wato kashi 20 cikin 100 kacal, a inda ake jiran 60. Da lafiya lau yake da an ga sugan ruwan nan ya haura 7 ko 8, ko ma fiye. Mu a aikin asibiti da zarar rabon ya sauka ƙasa da 0.4 hankalinmu ya tashi, in ya kai ƙasa da 0.23 kuwa, ga zazzaɓi ga wuya ya sanƙare, da wuya ka tarar ba sanƙarau na bakteriya ba ne ko wani ɗan'uwanshi mai tsanani. Wannan 3.6 ɗin da a wurin wani lafiyayye abin a ce madalla ne, a wurin Baba alamar ciwo ce babba. Ciwon sugan nashi ne ya ɗaga lambar har ta faɗo cikin gidan "daidai", ta ɓoye abin da ke faruwa.

Ka san rijiyar da ake ginawa a fadama kusa da gulbi. In gulbi ya kawo, rijiya ma tana tasowa, amma ba a take ba, kuma ba ta kai tsayin gulbin ba. In ya janye ita ma tana bi a hankali. To ranar da ka ga gulbi ya cika ya batse amma rijiyar tana nan a inda take zama da rani, ba za ka ce ai lafiya lau tunda akwai ruwa ciki ba, ka san ko dai hanyar ruwan ta toshe ko wani abu na shanye shi. Haka lamarin ga yake.

Wancan jinkirin da na ambata yana da muhimmanci a aikace. In sugan jini ya canza, ruwan baya yana ɗaukar kamar awa biyu zuwa huɗu kafin ya daidaita da shi. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a auna sugan jini dab da za a soka allurar, gara ma kafin a soka, don tsoro da zafin allura kansu suna ɗan ɗaga suga. Kuma dole likita ya san abin da anka ba majinyaci a 'yan awoyin da sunka wuce. Misali yaro ya zo a sume, anka ɗaura mai ƙarin ruwa mai suga, bayan rabin awa anka ɗebi ruwan baya: jini ya riga ya hau, ruwan bai biyo ba tukuna, sai rabon ya fito ƙasa kamar akwai ciwo alhali wataƙila babu. Ko kuma akasin haka, mai ciwon suga anka yi mai insulin sugan jini ya faɗo da sauri, na ruwan yana sama bai sauko ba, sai rabon ya yi kyau na ƙarya. Don haka in an ba Baba wani abu a gida ko a kemis kafin ku iso, allura ce, ƙwaya ce, ruwa ne, ku faɗa ma likita da lokacin da anka ba shi. Musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta, don ko allura ɗaya tana iya hana ƙwayar ta tsiro in an shuka ta a lab, a irin wanga hali sugan ruwan da yawan ƙwayoyin jini farare su ne ke zama shaidar da ta rage mana.

Akwai wani abu kuma da ya shafi masu ciwon suga kai tsaye. Shi GLUT1 yana da iyakar abin da yake iya ƙetarwa. In sugan jini ya yi sama sosai ba ya iya bin shi kafaɗa da kafaɗa, sai rabon ya ɗan sauko ko da babu wani ciwo, kuma da ƙyar ka ga sugan ruwan baya ya wuce wajen 16 ko 17 komai hawan na jini. Saboda haka in na ga mai suga 25 da rabon 0.4 ba zan yi saurin yanke hukunci ba, sai na duba sauran abubuwa. Amma 0.2 a kan 18, wannan ya wuce abin da za a ɗora ma cikar GLUT1.

Mi ke rage sugan in akwai sanƙarau? Abin da aka fi faɗa ma mutane shi ne ƙwayoyin cutar ne ke cinye shi. Suna ci, ba ƙarya ba ne, amma ba su kaɗai ba, kuma ba ma su ne kan gaba ba. Kumburin da ya kama rigar ƙwaƙwalwa yana lalata aikin ƙetarwar, sai shigowar suga ta ragu. Ƙwayoyin jini farare da sunka yi dafifi don yaƙi, dubbai a ɗigo ɗaya, su ma suga suke ci. Ita kanta ƙwaƙwalwar da ke cikin wahala tana komawa ƙona suga ta hanyar da ba ta buƙatar iskar oksijin sosai, hanyar kuwa tana cin suga da yawa ta ba da ƙarfi kaɗan, tana barin wani sinadari mai tsami da ake kira laktet. Shi ya sa a inda ake da kayan aiki ake auna laktet ɗin ma, in ya haura 3.5 yana ƙara nuna bakteriya ne.

Kuma ba suga kaɗai muke kallo ba. Tun ruwan na ɗiga cikin kwalba ido ya fara aiki. Na mai lafiya garau yake, in ka ɗora kwalbar kan takarda kana karanta rubutu ta cikinta. Na mai sanƙarau na bakteriya yakan fito a gurɓace, fari-fari, rubutun ya dushe, wani lokaci ma ba ɗiga yake ba tsartuwa yake saboda matsin da ke ciki. Daga nan a ƙirga fararen ƙwayoyi, a auna furotin wanda ya kamata ya tsaya ƙasa da 0.45 g/L, a shafa a gilashi a rina a duba da madubin lab, a shuka. Wani abu da nake yawan jan hankalin 'yan'uwan majinyaci a kai, tunda a wurinmu sau da yawa su ake miƙa ma kwalba a ce su kai lab: kar a tsaya ko'ina. Ƙwayoyin da ke ciki ba su mutu ba, suna ci gaba da cin sugan a cikin kwalbar, in ruwan ya yi awoyi a aljihu ko kan benci za a samu sugan ya faɗi fiye da gaskiyarshi. A kai shi cikin awa ɗaya, kuma kar a sa a firij wai don kar ya lalace, ƙwayar sanƙarau ba ta jure sanyi, mutuwa take yi a rasa abin shukawa.

Ba kowane faɗuwar suga ke nufin irin sanƙarau ɗin da muka sani na lokacin zafi ba. Tibi in ya hau rigar ƙwaƙwalwa yana saukar da shi, sai dai shi a hankali yake zuwa, sati biyu uku mutum na ciwon kai da rama kafin ya kwanta. Masu ƙanjamau da garkuwarsu ta yi ƙasa akwai wani naman gwari da ke kama su, shi ma haka. Kansa in ta bazu can ma tana yi. Na bairos kuwa yawanci sugan yana zama daidai, wannan na cikin abin da ke taimaka mana mu raba su. Maleriyar da ta hau kai, wadda ta fi rikita mu ga yara da damina, ruwan yakan fito garau, in sugan ya yi ƙasa sau da yawa za ka tarar na jinin ne ya faɗi tun farko, don maleriya mai tsanani tana saukar da sugan jini, kwinin ma yana ƙara saukar da shi. A nan lambar ruwan ƙarama ce amma rabon lafiya lau. Ka ga dai ko ta wane gefe ka biyo sai ka dawo kan rabawa da na jini. Jarirai sabbin haihuwa nasu rabon ya fi na manya, su in ya kai 0.6 ko ƙasa ma ana fara tuhuma. Akwai kuma wani ciwo na gado, ba shi da yawa, wanda likita De Vivo da abokan aikinshi sunka bayyana a 1991, inda shi GLUT1 ɗin ne bai cika ba tun haihuwa: yaro na ta farfaɗiya tun yana goye, sugan jini daidai, ba zazzaɓi, ba ƙwayar cuta, amma sugan ruwan ƙasa. Maganinshi abinci ne mai yawan mai da ƙarancin sitaci, don ƙwaƙwalwa ta samu wani makamashin da ba suga ba.

Sai tambayarka ta ko ɗiban ruwan ne ya rage sugan. A'a. Abin da ake ɗiba bai wuce 'yan mil ba, in an ɗebi 10 ma jiki ya maida shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Kuma ai sugan da anka auna na cikin ruwan da anka riga anka ɗiba ne, yadda yake a jikin kenan kafin allurar ta shiga. Na san tsoron da mutanenmu ke yi ma allurar nan, ana cewa tana shanye ƙafa ko tana ƙarasa mutum. A babban mutum laka tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na farko zuwa na biyu, mu kuma tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar muke shiga, majinyaci na kwance ta gefe ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji don ƙasusuwan su buɗe. Tun 1891 ake wannan aikin, wani likitan Jamus Quincke ya fara shi. Abin da ya fi biyo baya shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki da ke sauƙi in an kwanta. Akwai wanda bai kamata a yi ma ba a take, kamar mai alamun matsi mai yawa a kai ko wanda jininshi ba ya daskarewa, wannan likita ke dubawa kafin ya soka. Abin da ya ɓata ma allurar suna, a ganina, shi ne mutane ba su yarda a yi sai ciwo ya ci ƙarfin majinyaci, in ya rasu washegari a ce allura ce.

Zuma da lemon kwalba kuwa, don Allah kar ku ba shi. Jinin Baba a cike yake da suga, 18 fa, ba ƙarancin suga ke damun shi ba. In kun ƙara, ruwan jikinshi ne zai ƙara zubewa ta fitsari, ga zazzaɓi na ƙonawa, yana iya faɗawa irin suman nan na hawan suga a kan ciwon da yake ciki. Ga wanda hankalinshi bai cika ba ma bai kamata a ɗura mai komai a baki ba, yana iya wucewa huhu. Sugan ruwan zai dawo da kanshi in maganin ya fara cin ƙwayar cutar kuma kumburin ya sauka, ba a auna samun sauƙi da sake ɗiban ruwa kullum, da jikin majinyaci ake gani. Kar kuma ku tsorata in kunka ga an ajiye ƙwayoyin suganshi an koma insulin, ko sugan ya ƙara hawa kwanakin farko. Ciwo mai tsanani da kanshi yana ɗaga suga, kuma in an ba shi dexamethasone don rage kumburi shi ma yana ɗagawa. Abin da ake so shi ne a riƙa aunawa akai-akai, a sauko da shi a hankali, kar a yi garaje ya faɗi.

Faɗuwar nan ita na fi jin tsoro ga dattijan da ke shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, in sun daina cin abinci amma ana ci gaba da ba su ƙwayar. A nan ne alaƙar ƙwaƙwalwa da sugan jini take juyowa ta ɗaya gefen, don ƙwaƙwalwa ba karɓar suga kawai take yi ba, tana sa baki a daidaita shi. Tun a 1849 wani masani Bafaranshe Claude Bernard ya soki wani wuri a ƙasan kogo na huɗu na ƙwaƙwalwar zomo, sai suga ya fito a fitsarinshi. Yanzu an san akwai ƙwayoyin jijiya a wani sashe da ake kira haifotalamos da kuma tushen ƙwaƙwalwa masu jin hawa da saukar suga. In na jini ya doshi ƙasa da 3.9, fankiriyas, wato sashen jikin da ke yin insulin, ya riga ya rage insulin ya saki gulukagon mai ɗaga suga, ƙwaƙwalwa kuma ta tada adirenalin da kotizol, sinadaran da su ma ke ɗaga shi, hanta ta buɗe ajiyarta, mutum ya ji yunwa, rawar jiki, gumi, bugun zuciya. In ya kai ƙasa da 3 tunani ya fara rikicewa. Wanda ya daɗe da ciwon suga ko suganshi ya sha faɗuwa, wannan gargaɗin yakan dushe, sai dai kawai a ga ya sume. To ka haɗa wannan da ƙwaƙwalwar da ke kumbure, wadda ko da jini ya cika da suga ba ta samun rabonta yadda ya kamata, ka ga dalilin da ya sa ba ma son suganshi ya yi sama, kuma mun fi ƙin ya yi ƙasa.

Mu 'yan Zamfara ba sai an ba mu labarin sanƙarau ba. Annobar da ta fara a Zurmi a ƙarshen 2016 ta shiga 2017, ta nau'in C na ƙwayar sanƙarau, ta kama mutum sama da 14,000 a ƙasar nan, sama da 1,100 sunka rasu, kuma jiharmu ce ta fi jin jiki. Manya kuma suna tuna ta 1996 da ta ci rai sama da 11,000. Rigakafin MenAfriVac ya karya nau'in A, a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kare nau'i biyar. Amma dattijo mai ciwon suga ba lallai wannan ƙwayar ce ta kama shi ba, wadda ke kawo namoniya ma tana yawan hawa kan masu shekaru, akwai kuma wata ƙwayar mai suna Listeria da ceftriaxone, maganin da ake yi ma masu sanƙarau allurarshi, ba ya kashewa, shi ya sa in ka ga an haɗa mai da ampicillin kar ka ɗauka ana ƙara muku kuɗin magani ne kawai. Ka tambayi likita wace ƙwaya lab ta gano. In ta annoba ce, waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi da masu jinyarshi suna buƙatar maganin kariya da wuri, kuma duk wanda ya fara zazzaɓi da ciwon kai a gidan a kawo shi a ranar.

Alluran nan a cika su har ƙarshe ko da ya farfaɗo ya fara neman tuwo, kwanakin da za a yi sun danganta da ƙwayar da anka samu, daga mako ɗaya har zuwa uku. In an sallame ku a nemi inda za a gwada jinshi cikin makonnin farko, sanƙarau yana taɓa kunne, dattijai kuma ba su cika faɗa ba sai a ɗauka tsufa ne. Takardar lab ɗin nan ka ajiye ta, ka rubuta 18 ɗin sugan jini a jikinta da lokacin da anka auna, don duk likitan da zai gan ta nan gaba ya ga lambobin biyu tare.